Barka da Sallah, Mma, ki amince ki zo

Assalamu alaikum Mma,

Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana. A gaishe min da Kawu da Yaya da duk mutanen gidanmu na Aboabo. Auta ta turo min hoton ragon layya ɗaure a gindin mangwaro, na daɗe ina kallo. Mu nan unguwar Bronx ta New York a mayanka ake yanka mana, sai dai mu karɓo nama a leda.

Mma, Yaya ta ce tunda bizarki ta fito hankalinki bai kwanta ba, wai nisan Amurka ya fi ƙarfinki. Surukarki kuma watan haihuwarta ya kama. Don Allah ki saurare ni.

Daga Kumasi zuwa Akra, in kika hau jirgi a filin Prempeh, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Kar ma ki bi mota, kilomita 250 ɗin nan da cunkoson Nkawkaw da Nsawam sai su cinye miki awa biyar ko shida, ƙafarki ta kumbura tun ba a fara ba. Daga Akra kuwa jirgin Delta yana zuwa New York kai tsaye, babu sauka a wata ƙasa, babu canjin jirgi. Nisan kilomita 8,200 ne da ɗoriya, mafi yawansa a saman teku, awa 11 a tahowa. Komawa gida yakan zama awa 10, don iskar da ke kadawa daga yamma zuwa gabas tana tura jirgin ta baya. Ke da kika sha zaman motar Akra zuwa Tamale wuni guda cur, ga ƙura ga zafi, wannan ba zai gagare ki ba.

Na san ba awannin kaɗai ke damunki ba. Sallah a zaune za ki yi ta a kujerarki, malamai sun halatta wa matafiyi, kuma akwai ruwan alwala a banɗakin jirgi. Zan sa a rubuta miki abincin halal tun wajen yankar tikiti, da keken guragu, ma'aikaci zai tura ki har inda nake tsaye. Maganin hawan jininki ki sa shi a jakar hannu. Ki riƙa miƙewa kina ɗan takawa saboda gwiwa. Jirgin akwai sanyi, ki riƙe mayafi mai kauri.

Agogonmu yana bayan naku da awa huɗu a wannan lokaci, shi ya sa kiran asubarki ke samuna tsakar dare. Kwana biyu jikinki zai saba.

Ina so ke za ki yi wa jikanki wankan farko, Mma. Ki taho mana da daddawa da kuka da yajin jego. Kilishi da soyayyen naman Sallah kuwa a bar su gida, kwastan na nan ba sa bari a shigo da nama. Ki faɗa wa Yaya ranar da ta yi miki, in yanki tikiti.

Ɗanki mai neman albarkarki.