Amsa Ga Malamar Da Ta Tambaye Ni Asalin Kalmar "Orange"

Assalamu alaikum Malama, sannu da ƙoƙari da yaran namu.

Kin tambaye ni a gaban jama'a a taron malamai: tsakanin lemu da launinsa, wanne ya fara samun sunan orange a Turanci? Ga amsar a rubuce, don ki samu abin faɗa wa ɗalibanki.

Lemun ne ya riga, kalmar kuma baƙuwa ce a Ingila. Daga Indiya ta taso, inda ake kiran itacen naranga a harshen Sanskirit. Farisawa suka ce narang, Larabawa suka mayar da ita naranj, kuma su ne suka kai itacen Andalus (a ƙasar Sifen ta yau) da tsibirin Sisili na Italiya. Har yau Sifaniyawa naranja suke cewa. A bakin Italiyawa da Faransawa ne harafin "n" na farko ya faɗi, daga Faransanci kuma ta shiga Turanci wajen ƙarni na 14, tana nufin ɗan itacen kawai. Sai a farkon ƙarni na 16 aka fara ganin ta a rubuce da ma'anar launi.

Kafin nan mutanen Ingila ja suke ce wa wannan launi, ko su haɗa rawaya da ja. Shi ya sa har gobe mutum mai gashi ruwan lemu suke kiransa mai jan gashi, ko da yake duk mai ido ya san ba ja ba ne.

Akwai inda ake yawan rikicewa, ina roƙon ki kula da shi. Garin Orange na kudancin Faransa ba ruwansa da lemu. Tsohon sunansa Arausio ne, ya lanƙwashe a baki har ya yi kama da sunan ɗan itacen. Daga wannan garin ne gidan sarautar Holan ya samo sunansa na Orange, har ɗan gidan, Wiliyam na Orange, ya hau gadon sarautar Ingila a 1689. Dacewar sunayen biyu ce ta sa 'yan ƙwallon Holan ke sa riga ruwan lemu.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu na haddace kalmar suna zaton komai na Turanci a can aka haife shi. Ki nuna musu cewa mu ma haka muke raɗa wa launi suna: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka. Lemun namu ma daga laimun na Larabci ya zo. Ki shiga aji da taswira, ki sa su bi hanyar da yatsa daga Indiya zuwa Landan.

Ki gaishe min da 'yan ajin naki.