Tsakanin dandamali da ɗakin darasi

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Shirun namu ya yi tsawo, kuma wannan labarin ya ƙi zama a cikina, dole in rubuto maka.

An gayyace ni in yi kiɗa ni kaɗai. Dare guda sukutum, daga ni sai fiyano a kan dandamali, babu mawaƙin da zan raka, babu wanda zan cike wa gurbi. Idan abin ya karɓu za su zagaya da ni wasu garuruwa. Kai ne ka san shekarun da na yi ina jiran irin wannan takarda, shi ya sa bayan uwar yara kai na fara faɗa wa.

Na riga na zaɓi abin da zan kaɗa. Zan buɗe da kiɗan Bach, tsohon mai tsara kiɗa na Jamus, don hannu ya zauna, in rufe da gajerun kaɗe-kaɗen nan 24 na Chopin, gwanin fiyano ɗan Poland, waɗanda ya kammala a tsibirin Mayorka a 1839 yana fama da ciwon ƙirji. A tsakiya kuwa, sonata (dogon kiɗa mai ɓangarori) ta 31 cikin 32 da Beethoven ya rubuta wa fiyano, ta 1821, wadda Malam ya hana mu taɓawa, yana cewa sai mun ga duniya tukuna. Yanzu na gane nufinsa. A ɓangaren ƙarshe akwai kukan nan da yake zuwa sau biyu, na biyun a yanke-yanke kamar mai shi numfashi na ƙare masa, sannan jigon kiɗan ya dawo a kife, a hankali, har ƙarfi ya komo. Mutumin da kunnensa ya riga ya mutu ne ya rubuta wannan. Duk lokacin da na iso wurin sai tsigar jikina ta tashi. Af, littafin Malam mai rubutun fensir, wanda ya sa lambobin yatsu a ciki, yana wurinka ko? Kar ka ce mini ya ɓace, domin ni na ga ka sa shi a jaka.

To, ga inda damuwar take. Mai shirya taron ya ba ni shawara in sallami ɗalibaina, ko aƙalla in rufe ɗakin darasi har a gama. Kuma tun daga nan ina jiyo muryarka kana cewa taura biyu ba ta taunuwa. Akwai gaskiya a ciki. Mai irin wannan aiki yana buƙatar safiyarsa gaba ɗaya don atisaye, ga hadda, domin kiɗan fiye da awa ɗaya da ka za a yi shi, babu takarda a gaba. Ni kuwa daga la'asar ɗakina ba na rabo da yara, kuma wanda ya wuni yana sauraren yatsun da ke tuntuɓe, kunnensa gajiya yake yi.

Amma ban yarda in sallame su ba, kuma ba maganar kuɗi kaɗai ba ce, ko da yake kuɗin darasi ne ke riƙe da gida a watannin da babu gayyata. Shi kansa Chopin, duk rayuwarsa sau 30 da 'yan kai kawai ya yi kiɗa a gaban jama'a, yawancin abin da ya ci a Faris daga koyarwa ya same shi. Gwanar fiyano Clara Schumann ta karɓi aikin koyarwa a Frankfurt a 1878 kuma ta ci gaba da hawa dandamali har 1891. Gwanin fiyano Liszt ya daina yawon kiɗan kuɗi a 1847 yana ɗan shekara 35, daga baya ya riƙa tara ɗalibai a Weimar ba ya karɓar ko sisi. Shi Liszt kuma tun yana yaro Czerny ne ya koyar da shi, Czerny kuwa ɗalibin Beethoven ne. Da Czerny ya ce ba shi da lokacin yaro, da abubuwa da yawa ba su iso gare mu ba.

Bari in ba ka labarin yarinyar da ta hana ni barci. Ta zo mini da wuyan hannu a sandare, yatsu a miƙe tsaf, tana bugun maɓallai kamar tana jin haushinsu. An fara mata da fararen maɓallai zalla, yadda aka saba. Sai na bi hanyar Chopin, wanda yake fara wa ɗalibansa da jerin sautin B, inda dogayen yatsu uku na tsakiya ke hawa baƙaƙen maɓallai, babban yatsa da ƙaramin su sauka kan farare. Haka hannun ɗan Adam yake in an bar shi ya huta. Cikin ɗan lokaci kafaɗarta ta sauko, sautin ya yi taushi. Rannan ta kaɗa layi guda, ta tsaya, ta waiwayo ta dube ni, don ita ma ta ji abin da na ji. Idan na bar ta yanzu tsohuwar ɗabi'ar za ta dawo, kuma warware ta karo na biyu ya fi wuya. Wani abin kuma, tun da na fara yi mata bayanin yadda nauyin hannu ke gangarowa daga kafaɗa, nawa kiɗan ya sauya. Wurin nan mai laushi na Beethoven da ya daɗe yana ba ni wahala, a darasinta na samo bakin zarensa.

Kai kuma da ka bar fiyanonka ya zama wurin ajiye takardu, Allah ya shirye ka. Yaushe rabon da ka kira mai saiti? Tsirkiyoyi sama da 200 ne a cikin abin nan, suna ja da ƙarfin da ya kusa tan 20, ba ya son a manta da shi. Autarka da na ji an ce tana da kunne, ka buɗe mata shi mana.

Na ji labarin mutumin namu mai goge ya yi aure, kuma bai gaya wa kowa ba sai bayan an watse. Kai ya gaya maka? Idan ya gaya maka ya bar ni, to akwai shari'a tsakaninmu mu uku. Malam kuwa jiki ya yi rauni, amma da na je gaishe shi na ba shi labarin gayyatar, abin da ya fara tambaya shi ne yadda nake taka feda, matakin ƙafa na fiyano, a farkon sonatar. Bai ce mini barka ba sai da zan fita.

Abin da na yanke shi ne in mayar da darussa zuwa ranaku kaɗan a mako, manyan ɗalibai su riƙa zama da ƙanana idan na yi tafiya, safiya kuma ta zama tawa ni kaɗai. Hannuna na dama nake lallaɓawa. Ka tuna makaɗin fiyanon nan Leon Fleisher, wanda yatsunsa biyu na dama suka naɗe a 1964 yana tsakiyar tashe, ya shafe kusan shekara 30 yana kiɗa da hagu yana koyarwa. Saboda haka da na ji tsami a wuyan hannu nake tashi, ko da aikin bai ƙare ba.

Zan aiko maka da ranar da zarar sun tsayar. Ka nemi hutu tun yanzu, ina son ka zauna ta ɓangaren hagu inda ake ganin hannu. Ka gaida uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum.