Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta Koyon Magana A Gaban Jama'a, Tawa

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, ƴan buro, da sauran ƴan uwa maza da mata.

Ga rahoton abin da muka yi daga Janairu zuwa Disamban 2025. Bisa dokar cikin gida rahoto biyu ya kamata ku samu, na sakatare da na ma'aji. Amma kun san ma'ajinmu ya tafi biɗa Abijan tun bayan ƙaramar salla, ya bar mini kayen kuɗi da makullin akwati, shi ya sa na haɗe su wuri ɗaya. Mai son ganin lissafi dalla-dalla, kayen na nan, ban taɓa hana kowa buɗe shi ba.

Zaman Asabar bayan la'asar ya gudana yadda aka saba, in ban da watan azumi da muka dakata, da tsakiyar damina da yawancinmu ke gona.

Zan fara da kuɗi, don duk abin da za ku tambaye ni a babban taro can amsarsa take. Kuɗin wata jika ɗaya ne, dala ɗari biyu, kuma tun da aka kafa ƙungiyar nan ba a ƙara ko dala ba. Duk da haka, waɗanda suka biya wata goma sha biyu cif da yatsun hannu za a ƙirga su. Akwai wanda rabonsa da biya tun kafin azumi. Akwai wanda ya biya wata ɗaya rak, watan da za a raba takardar shaidar halarta, ya karɓi takardarsa muka daina ganinsa. Uzuri kuwa na ji kala-kala: sai an yi albashi, sai na sayar da albasa, ba ni da canji, ai na ɗauka na ba ma'aji kafin ya tafi. Da aka ce wahalar ita ce haɗuwa da ni, muka amince a riƙa turowa ta Nita ko Amana. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki. Ƴan uwanmu da ke Abijan da Libiya, waɗanda ba su zauna zama ko ɗaya ba tun tafiyarsu, su ne ke turo nasu kan lokaci, wani ma ya haɗa da na wata uku gaba. Wanda muke salla masallaci ɗaya da shi kuwa, in ya hango ni sai ya kara salula a kunne.

Ku sani ɗan abin da ke shigowa yana da wurin zuwa. Ana ba mai gadin lakkol ɗin da ke ara mana aji wani abu duk wata, saboda shi ke buɗe mana ƙofa ya kuma share bayanmu. Ana sayen ruwa da kayan shayi, ana buga takardun da masu gyaran jawabi ke cikawa, ana kai gaisuwa in an yi wa memba rasuwa ko haihuwa. In an cire waɗannan, abin da ya rage ba ya ɗaukar wani babban aiki, shi ya sa ayyuka uku da aka ɗora wa buro a bara suke nan inda suke.

Na farko, maganar shiga Toastmasters, ƙungiyar koyon magana a gaban jama'a ta ƙasa da ƙasa. Na san wasu na cewa buro ne ya yi sanyin jiki. To, ga yadda abin yake. Gaskiya ne tsarin zamanmu daga wurinsu muka aro shi: jawabi na minti 5 zuwa 7, mai riƙon lokaci, mai gyara, da tambayar ba-zata da ake amsawa cikin minti ɗaya ko biyu. Ƙungiya ce da Ralph Smedley ya kafa a Amurka a 1924, kuma tana da ƙa'idojinta. Kafin su amince da sabon kulob sai ya kawo membobi 20, kuma kowane memba yana da kuɗin da zai biya duk wata shida, wanda ƙarin da suka yi a 2023 ya kai shi dalar Amurka 60, wato sama da jika talatin a kuɗinmu, ban da kuɗin rajista. Ba laifinsu ba ne, tsarinsu ke nan. Tambayata ita ce, ƙungiyar da ake bin mutane jika ɗaya har gida, ina za ta samo mutum 20 masu biyan sama da jika talatin sau biyu a shekara? Buro bai rufe maganar ba, ajiye ta ya yi. Duk wanda yake ganin za ta yiwu bana, ya zo da sunayen mutum 20 ɗin da kuɗinsu a hannu, ni zan cika takardun.

Na biyu, takardar izinin hukuma. Dokar ƙungiyoyi ta 1984 ce ke aiki a kanmu, kuma kafin a kai takardu dole a haɗa tsarin mulkin ƙungiya, dokar cikin gida, rahoton babban taro da cikakken bayanin ƴan buro. Uku na farko suna cikin jakata tun Fabrairu. Abin da ya tsayar da mu na cikin gida ne: ƴan buro biyu har yau ba su kawo takardunsu ba, ɗaya kuma ba ya ƙasar. Ba zan kai takardu da giɓi a dawo mini da su ba. Kuma muddin ba mu da wannan izini, ba mu iya buɗe asusu da sunan ƙungiya, ba kuma wata hukuma ko ƙungiyar agaji da za ta ba mu tallafi. Masu cewa me ya sa ba mu nemi taimako ba, amsarku ke nan.

Na uku, koyar da ɗaliban kwalej muhawara. Shugaban makarantar ya ba mu yammacin Laraba, yaran sun fito har ajin ya yi musu kaɗan. Mun fara lafiya. Daga baya waɗanda suka ɗaga hannu a babban taro cewa za su riƙa zuwa suka janye ɗaya bayan ɗaya, aikin ya koma kan mutum biyu, su ma ga jarabawar ƙarshen shekara ta taso. Mun gwammace mu je mu ba shugaban haƙuri da mu bar yara suna jiran wanda ba zai zo ba. Ya ce ƙofa a buɗe take in mun shirya. Sayen lasifika namu na kanmu kuwa ban ma sa shi cikin lissafi ba.

Akwai kuma gardamar harshe, wadda ta ci mana zama biyu. Bayan da kundin sake gina ƙasa na 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, wasu suka ce a daina jawabi da Faransanci gaba ɗaya. Ƴan uwanmu ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani suka ce su fa da Faransanci za su kare kundin kammala karatunsu, kuma don shi suka shigo. An tsaya a kan cewa mai jawabi ya zaɓi harshensa, da sharaɗin wanda ya fara da shi da shi zai ida. A ganina wannan sharaɗin ya fi duk gardamar amfani, don ciwonmu na gaske shi ne fara jimla da Hausa a ƙare ta da Faransanci. Mai ƙirga tuntuɓen harshe, wanda ke jefa tsakuwa cikin gwangwanin madara duk lokacin da aka ce "wato" ko "kun gane" ko "donk", shi zai ba ku labari.

Yanzu ga abin da ya wanke mana ido a bana: taron 13 ga Mayu, ranar matan Nijar.

Matan ƙungiya ne suka kawo shawarar, kuma su suka riƙe ta daga farko har ƙarshe. Buro bai ba su komai daga akwati ba, don babu. Su suka yi karo-karo a tsakaninsu, suka rubuta wa mai unguwa takarda, suka yi ciniki da mai bash da kujeru har ya rage musu, suka samo sono da gurup mai ba da wuta, suka raba aiki: wannan ta tarbi baƙi, wannan ta riƙe lokaci, wannan ta jagoranci zama. Mu maza aikinmu bai wuce ɗaukar kujeru da yayyafa ruwa a filin lakkol ba. Ranar Talata ce, ga zafin Mayu na Tawa da kowa ya sani, har muna fargabar ba za a fito ba. Kafin a kira magariba kujeru sun ƙare, an shimfiɗa tabarmi, yara sun hau katanga.

Mai jawabin farko, malamar firamare, ta ba da tarihin ranar: yadda a 13 ga Mayun 1991 mata suka yi maci a Yamai don neman a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Ta bi da dokar kaso ta shekarar 2000, wadda ta ware wa mata a ƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 25 na naɗe-naɗe, da gyaran 2019 da ya kai su kashi 25 da kashi 30. Ta faɗi waɗannan alƙaluma ba ta duba takarda ba. Wata ɗaliba ta yi magana a kan Sarauniya Mangu ta Lugu da tirjiyar da ta yi wa ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a 1899, ayarin da ya yi wa Konni ɓarna a wannan shekarar. Ta uku ta ɗauko aikin Keita da aka fara a 1984, inda mata ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsu a ka ana jera su don tare ruwa da raya fako. Da ta tambayi wa ke da uwa ko kaka da ta yi wannan aiki, hannuwa suka tashi ta ko'ina, har daga cikin tsofaffin da ke kan tabarmi.

Amma wadda har yau ake maganarta a unguwa ita ce ƴar uwarmu mai ɗinki. Tsofaffin membobi za su tuna zamanta na farko: an ce ta miƙe ta faɗi sunanta da sana'arta, ta ja mayafi ta rufe baki, ta koma ta zauna. Ita ce ta zaɓi magana a kan matan da ake bari da gida in maza sun tafi biɗa bayan kaka: wa ke auna hatsin rumbu ya kai damina, wa ke zuwa lakkol in an kira iyaye, wa ke yanke shawarar kai yaro asibiti da tsakar dare. Tana tsakiyar magana gurup ya mutu, mikro ya yi shiru, fitila ta ɗauke. Daga baya aka fara hayaniya. Ta ajiye mikro a kan tebur, ta tako har gaban layin farko, ta ɗaga murya ta ce, "Ku saurara in ida, maganata ba ta buƙatar esansi." Aka yi dariya, aka yi tsit. Matasa suka kunna fitilun salula suka haska ta. Mai riƙon lokaci ta ɗaga koren kati, ta ɗaga rawaya, kafin ta kai hannu ga ja ƴar uwarmu ta rufe jawabinta. Wani dattijo ya miƙe ya tambaye ta ko tana nufin maza su daina tafiya. Ta amsa cewa ba ta ce a daina ba, cewa ta yi in za a tafi a zauna da matar gida a yi lissafi tare, tunda ita za ta riƙe shi. Ya ce ya gamsu, ya zauna. Wannan amsar ta minti ɗaya ita ce abin da muke koya wa juna kowace Asabar, kuma wadda ta ba da ita ba ta fashin zama, ba ta kuma da bashin ko wata ɗaya.

Bayan taron mun samu sababbin membobi, yawancinsu mata, kuma mai unguwa ya nemi ɗaya daga cikinmu ta jagoranci zaman da aka yi kan tsabtar magudanan ruwa kafin damina. Muna godiya ga shugaban lakkol, da mai gadi da ya kwana yana tsaron kujeru, da Hajiyar da ta ɗauki nauyin ruwa da ƙanƙara ta kuma hana a ambaci sunanta.

Ranar nan na ga fuskokin da rabona da su tun Janairu. Sun zo cikin manyan kaya, sun zauna a gaba, sun shiga hoto, wasu har sun sa a Facebook sun rubuta "ƙungiyarmu". Asabar ta gaba ba ko ɗayansu. A zauren WhatsApp kuwa kowa gwani ne, saƙon murya na minti goma kan yadda ya kamata a tafiyar da ƙungiya, amma in aka fitar da jadawalin masu jawabi sai zauren ya mutu. Ba wanda ya taɓa koyon magana a gaban jama'a daga kan katifarsa. Kuma in wanda aka sa wa jawabi bai zo ba bai kuma aiko ba, ba kansa kaɗai ya cuta ba: mai gyaran da aka haɗa shi da shi ya zo a banza, mai jagorancin zama ya shiga neman wanda zai cike gurbi, sai a koma kan mutanen nan dai da suka yi jawabi makon jiya. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya karɓi takardar shaida da sunan ƙungiyar nan ya sa a takardun neman aikinsa, akwai haƙƙinta a kansa. Ban haɗa da marasa lafiya da waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki ba, su sun sanar da buro.

Buro zai kawo shawara uku gaban babban taro don a kaɗa ƙuri'a. Wanda ake bi wata uku ba tare da ya yi wa buro bayani ba, a cire sunansa daga jadawali da zauren WhatsApp har sai ya biya. A daina ba da takardar shaida sai ga wanda ya yi jawabi a ƙalla sau huɗu a shekara ya kuma riƙe wani aiki a zama. A zaɓi sabon ma'aji da mataimakinsa, ɗayansu ya zama wanda ba ya tafiya biɗa. Ni dai ba zan ƙara haɗa aikin sakatare da riƙon akwati ba, ko an roƙe ni.

Babban taro zai kasance Asabar ta biyu ta watan Janairu, bayan la'asar, a ajin da muka saba. Mai bashi ya zo da kuɗinsa ko ya turo kafin ranar, don zan rufe kayen 2025 a daren Juma'a in miƙa shi ga wanda aka zaɓa.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, Tawa