Wasiƙa daga Cape Town: ƙidayar da muke yi wa sama

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Baba? Ka gaishe shi, ka ce ina masa addu'a.

Saƙonka ya iso, har da tambayarka ko kwana nake ina leƙen taurari da madubi. Tun da na zo nan ban kanga idona a jikin wani madubi ba. Aikinmu ya fi kama da saurare. Ka tuna yadda muke murɗa rediyon Baba muna neman mita 25 a gajeren zango? To, sama ma tana da tashoshinta. Iskar haidurojin da ke cike da galaksi, wato waɗannan manyan garken taurari, tana fitar da igiyar rediyo mai tsawon santimita 21. In galaksin na da nisa, igiyar kan iso mana a miƙe, ta ƙara tsawo, saboda sararin da ta ratso yana buɗewa. Da wannan ƙarin ake auna nisansa.

Na'urar da muke aiki da ita sunanta MeerKAT, tana can cikin dajin Karoo a nan Afirka ta Kudu, kusa da garin Carnarvon. Faranti 64 ne, kowanne faɗinsa mita 13.5, an buɗe su a 2018. Sau ɗaya na taɓa zuwa, kuma har yau wurin bai fita raina ba. Fili fetal, ba gida ba bishiyar kirki, farantan nan farare suna juyawa tare kamar sahun masallaci. Dole kowa ya kashe wayarsa, domin waya ɗaya a aljihu ta isa ta danne saƙon da ya yi shekara biliyan yana tafe. Da dare ya yi na ɗaga kai na ga Kaza da 'Ya'yanta, sai na tuna kwanan tsakar gida lokacin bazara.

Sauran aikin a gaban kwamfuta yake. Saƙon da farantan suka kama ake mayarwa hoton sama, mu kuma ƙidaya muke yi: kowane ɗigo a hoton a rubuta inda yake, da ƙarfinsa, da siffarsa. Wani ɗigon galaksi ne mai haihuwar taurari, wani kuma baƙin rami ne a tsakiyarsa, wato wurin da ko haske ba ya kuɓucewa daga jansa, yake feso wuta gefe biyu, har ta zarce galaksin kansa tsawo. Raba su shi ne abin da ke cinye mini rana, kuma ban taɓa gajiya da shi ba.

Saurin da abin yake yi ne ke ba ni mamaki. Na'urar VLA ta Amurka ta kwashe shekaru tun daga 1993 kafin ta tara kusan ɗigo miliyan 1.8. A 2020, ASKAP ta Ostareliya ta zana galaksi wajen miliyan 3 cikin awa 300 kacal. Yanzu ana gina wata babbar na'ura mai suna SKA, wadda za ta haɗa farantanmu da sababbi su zama 197.

Ka gaya wa ƙanenka mai son lissafi kada ya saki. Ko a Gana an mayar da tsohon farantin sadarwa na Kuntunse, mai mita 32, ya koma na sauraron sama tun 2017, kuma masu iya lissafi da kwamfuta ake nema. Ka turo mini sakamakon jarrabawarsa in ya fito.

In Allah ya yarda ina nan tafe da babbar salla. A ajiye mini kilishi.

Naka har kullum,
Amininka