Wasiƙa zuwa ga abokina Likita a San Faransisko

Assalamu alaikum, Likita.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mutanen gida duk suna gaishe ka, Hajiya kuwa kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka leƙo.

Saƙonka na ƙarshe ya tsaya mini a rai, inda ka ce shekara uku ke nan amma har yanzu kamar baƙon jiya kake, ga jarrabawar da aka sa ka sake kafin a bar ka ka taɓa majinyaci. Shi ya sa na ce bari in ba ka labarin wani likita da ya rayu a wannan gari naku tun garin yana ɗan ƙauye.

Sunansa Felix Wierzbicki, mutumin Poland, an haife shi a 1815 a yankin Volhynia, wanda yau yake cikin Yukren. Yana ɗan shekara 15 mutanensa suka yi wa mulkin Rasha bore a watan Nuwamba na 1830, shi ma ya ɗauki bindiga. Da aka murƙushe su a 1831 sai ya tsallaka Ostiriya, can ma aka tsare shi. A 1834 aka zuba shi da sauran waɗanda aka tsare a jiragen ruwa daga tashar Trieste, su 234, aka sauke su a New York. Ka duba fa, saurayi ɗan shekara 19, ba uwa ba uba a kusa, ba hanyar komawa gida, harshen garin ma baƙo ne a bakinsa. Wannan wurin ne ya fi taɓa ni.

A haka ya daure ya karanci likitanci a Amurka. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Meziko a 1846, ya shiga rundunar sa-kai ta New York ƙarƙashin Kanar Stevenson, a ɓangaren jinyar sojoji. Sun yi watanni a teku, sai da suka kewaye ƙarshen Kudancin Amurka kafin su iso Kalifoniya a 1847. Shekara na zagayowa aka gano zinariya, jama'a suka yi ta kwarara. Shi ma ya zaga wuraren haƙar, ya ga yadda rashin abinci mai kyau da kwana cikin sanyi ke kayar da ƙarti, ya rubuta littafi a 1849 har da shawarwarin kiwon lafiya ga mahaƙa. Ana lissafa shi a matsayin littafin Turanci na farko da aka buga a Kalifoniya, kuma wanda ya koyi Turancin da girmansa ne ya rubuta shi.

Ya rasu a watan Disamba na 1860 yana da shekara 45. Kabarinsa na maƙabartar sojoji ta Presidio, ba nisa da kai. Don Allah ranar da ba ka da aiki ka je ka gani, ka turo mini hoton.

Allah ya ba ka sa'ar jarrabawar. A gaida Uwargida da yara.

Naka,
abokinka na Kano