Zuwa ga ɗana a unguwar Nima, Ankara (Accra), kan keken ɗinkin kakanka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya jama'ar shago? Mu nan Aboabo lafiya lau, mahaifiyarka tana gaishe ka.

Ƙaninka ya dawo daga Ankara ya ce ya tarar da keken nan Singer a bayan ƙofa, babu murfi, an jibga masa tsummokara, har tsatsa ta fara cin farantin allura. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ban hana ka sayen keken lantarki ba, ai zamani riga ne. Amma ka tuna 2015, lokacin dumsor, da wuta ke ɗaukewa wuni guda cur. Teloli nawa ka gani a layinmu sun yi tagumi ana gobe Sallah? Mu kuwa ƙafa kawai muka sa, muka kwana muna takawa da fitila, duk mai kaya ya karɓi kayansa.

Da keken nan kakanka ya aurar da ni, da shi na biya kuɗin makarantarku. A Sikotland aka ƙera shi, masana'antar ma an rufe ta tun 1980, don haka in ya mutu ba za ka shiga kasuwar Makola ka ɗauko sabon irinsa ba.

Ankara ba Kumasi ba ce. Iskar teku gishiri gare ta, ƙarfe ba ya jimre mata in an bar shi tsirara. Kullum ka tashi aiki, ka cire ƙoshiya da kwarkwaro, ka share ɓurɓushin zaren da ke taruwa ƙarƙashin haƙoran da ke jan yadi, don shi ke shanye mai yana riƙe laima. Sai ka ɗiga man keke a kowane rami, ɗigo ɗaya ya isa, ka taka kaɗan a kan tsumma kafin ka sa yadin mutane. Kada ka kuskura ka sa man gyaɗa ko manja. Na taɓa yi ina yaro, ya daskare kamar ƙaro, sai da kakanka ya wanke da kananzir, ni kuma na sha faɗan da har yau ban manta ba. Bel in ya saki, a rage shi, ba a ja da ƙarfi. Da hunturu kuma ka rufe shi ko da fita salla za ka yi.

Almakashin nan babba, yadi kaɗai ya sani. Yaran shago kada su yanka takarda da shi, kuma kada ka ba da aronsa.

Ka saurari kukan keken. In sautinsa ya sauya, ka tsaya ka duba, kada ka ce sai ka gama rigar.

In Allah ya kai mu bayan Babbar Sallah zan zo, kuma zan zauna a kansa in taka da kaina. Na ba direban da zai kawo maka wannan wasiƙa kwalbar mai da sabon bel, ka karɓa. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa sana'arka albarka.

Mahaifinka,
Aboabo, Kumasi