Birkin da ke riƙe taya: a gano sanadi kafin a sayi sabuwar kalifa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka in ja hankalin masu motocin gudu irin na tsere da kanikawa kan kalifar birki, wato ƙarfen da ke matse fad (takalmin birki) a jikin faifan taya, da ke ci gaba da matse faifai bayan direba ya ɗaga ƙafa. Galibi akan sauya fad ko kalifar gaba ɗaya, bayan kwana biyu matsalar ta dawo, domin ba a binciki inda ta samo asali ba.

Alamominta ba boyayyu ba ne. Mota tana ja zuwa gefen da ya riƙe, ana jin ƙauri, ƙurar birki ta fi taruwa a rim ɗaya. In zafi ya yi yawa har fad ɗin wannan gefen ya daina kamawa, da an taka birki sai motar ta karkata ɗaya gefen, wanda hakan ke rikita mutane su zargi taya mai lafiya. A yi 'yar tafiya ba tare da yawan taka birki ba, a auna zafin faifan hagu da na dama da ma'aunin zafi mai haske. Kada a taɓa da hannu.

Gwajin da ke raba gardama ba ya cin minti goma. A ɗaga mota a kafa mata matokara, a taka birki sau biyar ko shida, a saki, a juya taya. In ta ƙi juyawa, a kwance ɗan notin cire iska da ke jikin kalifa. Man birki ya yi tsartuwa, taya ta saku? To kalifa ba ta da laifi, matsi ne ya maƙale a layi. Mafi yawa tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya wuce amma ba ya barinsa ya koma, alhali daga waje lafiya lau yake. A maimaita gwajin, wannan karon a kwance mahaɗar da ke saman tiyo. In taya ta saku a nan ma, matsalar tana can sama, wajen masta, wato famfon da ke tura man birki in an taka feda, ko fedar da ba ta komawa mazauninta. In kuwa an buɗe notin iska taya tana nan a riƙe, ƙarfen kalifar ne ya cije.

Kalifa iri biyu ce. Mai zamewa tana da fistan a gefe ɗaya, tana tafiya kan fil guda biyu. Filolin nan su ne suka fi cijewa, kuma shaidarsu ita ce fad na ciki da na waje ba sa cinyewa daidai. A zaro su, a goge tsatsa, a wanke ramin, a sauya robar da ta yage. Giris ɗin da za a shafa dole ya zama na silikon ko wanda aka yi don robar birki. Giris na yau da kullum yana kumbura robar, ya sake maƙale fil ɗin cikin 'yan makonni. Ana yawan yin wannan kuskuren a garejoji.

Yawancin motocin gudu kuwa kafaffiyar kalifa gare su, irin ta kamfanin Brembo, mai fistan huɗu ko shida, ba ta da fil ɗin zamewa. A nan fistan ɗaya ne kan cije sauran suna aiki, fad ya cinye a karkace. A cire fad, a sa katako a gurbinsu, wani ya taka birki a hankali, a ga wanne ne ya ƙi fitowa ko ya ƙi komawa. Abin da ke mayar da fistan baya shi ne sil ɗin roba mai kusurwa huɗu da ke cikin ramin: yana lanƙwasa in an taka, ya ja fistan baya ƙasa da milimita ɗaya in an saki. Da zafi ya busar da shi, ko robar ƙura ta fashe ruwa ya shiga, shi ke nan. Fistan mai ramukan tsatsa a jiki ba a gyara shi da sanfefa, sauya shi ake yi. A sa sabon sil, a jiƙa shi da man birki, a tura fistan a miƙe da yatsu. Kada a raba kalifar gida biyu sai in kamfanin ya yarda, kada kuma a bar ta tana lilo a jikin tiyo. A duba mazaunin fad ma, domin tsatsa da ƙura kan toshe shi har fad ya kasa motsi. Kalifar baya mai haɗe da birkin hannu ana murɗa fistan ɗinta ne, ba dannawa ba. Mai birkin hannu na lantarki sai an saka ta yanayin gyara da na'ura.

Man birki shi ne tushen yawancin wannan ɓarnar, domin yana tsotsar danshi. Ƙa'idar man birki nau'in DOT 4 ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Salshiyos, amma in ya sha ruwa iyakar ta sauko zuwa 155. Ruwan ne ke cin fistan, kuma birkin da ya riƙe yana iya tafasa man har feda ta nutse. A sauya shi duk shekara biyu, ko kafin haka ga motar da ke shiga filin tsere. DOT 5.1 yana haɗuwa da DOT 4, amma DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya su.

Wajen mayarwa, a sa sababbin washa na tagulla a bakin tiyo, a ɗaure kowane noti gwargwadon awon da littafin motar ya bayar, musamman da yake jikin kalifar alminiyom ne, zarensa ba ya jure ganganci. Kafaffiyar kalifa sau da yawa notin iska biyu gare ta, duka ake cire wa iska. Fad da ya ƙone a sauya shi hagu da dama tare. Faifan da ya yi shuɗi, ya tsage, ko kaurinsa ya gaza lambar da aka buga a jikinsa, shi ma ya tafi. Kafin a motsa mota a taka feda har ta yi tauri, sannan a yi gajeriyar tafiya a sake auna zafin gefen biyu.

Na gode.

Wani bakanike mai karanta jaridarku